Babi na Shida: Haushin Kare da Haushin Maƙwabci

Yana daga cikin abubuwan ban sha'awa na harshenmu cewa kalma guda, in an rubuta ta da boko, ita ce ke ɗauke da kukan da kare ke yi da kuma ɓacin ran da mutum ke ji, har ya zamana sai da karin murya ake rarrabe wadda ake nufi. Ban taɓa tsayawa na yi tadabburi a kan wannan dacewa ba sai da Allah ya ƙaddara mini zama na wani lokaci a wani gari na arewacin Ingila, a cikin irin gidajen nan nasu da ake ginawa a jere kamar haƙoran mataji, inda babu abin da ya raba ɗakin kwananka da na maƙwabcinka face bango guda, wanda in an yi tari a bayansa sai ka ji kamar ka ce sannu. A can na gane cewa haushin farko shi ke haifar da na biyu, kuma a kan wannan haihuwa aka gina wata sana'a sukutum, ta ƙera maɗaurin wuya wanda aka ce yana hana kare haushi.

Maƙwabcin nawa saurayi ne mai kirki, mai gaisuwa, wanda yakan fita aiki tun ƙarfe bakwai da rabi na safe, ba ya komowa sai bayan almuru, ya bar karensa shi kaɗai a kulle, alhali kuwa karen daga jinsin nan ne da aka halitta wa ɗabi'ar kora tumaki a kan tuddai tun safe har yamma. Da zarar ƙarar motarsa ta ɓace a kwanar layi sai karen ya soma, da wata siririyar murya mai tsayawa ta ci gaba, kamar mai kira yana saurare ko za a amsa. Ni kuwa ga takardu jibge a gabana, ga jarrabawa ta matso. Na yi haƙuri wata guda saboda haƙƙin maƙwabtaka, na yi masa magana sau biyu cikin ladabi, ya ba ni haƙuri sau biyu cikin ladabi, amma ba abin da ya sake. Daga nan na kai kuka ga ƙaramar hukuma, domin a ƙasar, bisa dokar kiyaye muhalli ta 1990, hayaniyar da ta wuce kima abin tuhuma ce, kuma hukuma tana da ikon aika wa mai kare takardar umarnin ya kawar da ita, in ya ƙi a gurfanar da shi a ci shi tara. Suka aiko mini da wasu takardu masu layi-layi, suka ce in riƙa rubuta ranar da lokacin da haushin ya fara da lokacin da ya ƙare. Na zauna ina yi wa kare lissafin zunubansa kamar wanda aka wakilta a kafaɗarsa ta hagu, har na cika shafi uku. Bayan mako biyu da isar wasiƙar hukuma ga maƙwabcina sai na ga karen a bayan gida da wani ɗan akwati a maƙogwaronsa.

Wannan akwati, wanda bai fi gidan ashana girma ba, a cikinsa akwai batir, da ɗan kunnen na'ura mai sauraron ƙara, da wata 'yar tukunya cike da man wata ciyawa mai ƙamshin lemon tsami da ake kira sitronela, 'yar'uwar tsaure da nobe da muka sani, wadda ake nomawa a Siri Lanka da tsibirin Jawa. Kare na buɗe baki da haushi sai na'urar ta fesa masa man a ƙarƙashin haɓa, ya ji tsit ɗin feshin, ya ji sanyinsa, ƙamshin kuma ya cika masa hanci. Wanda duk ya san irin baiwar da Allah ya yi wa hancin kare zai fahimci cewa abin da muke ji ƙamshi mai daɗi, a wurinsa tamkar a watsa wa mutum barkono ne a rufaffen ɗaki. Wannan shi ne nau'i ɗaya. Akwai mai girgiza kawai, kamar wayar hannu da aka kashe wa ƙara. Akwai mai fitar da wani siririn fito da kunnen mutum ba ya kamawa, tunda jinmu yana tsayawa wajen kaɗawa 20,000 a daƙiƙa, na kare kuwa yana kaiwa wajen 45,000. Sa'an nan akwai wanda aka fi jayayya a kansa, mai haƙora biyu na ƙarfe da ke taɓa fatar wuya, yana sakin wutar lantarki.

Kwana huɗu na farko unguwa ta yi tsit, har na ji kunyar kaina da ban kai ƙara tun da wuri ba. A rana ta biyar haushi ya dawo jefi-jefi, a ta goma kuwa ya dawo gaba ɗaya, sai dai yanzu yana tafe da ƙamshin lemo da ke shigowa ta taga. Abin da ya faru shi ne karen ya gano, ta hanyar jarrabawa irin tasa, cewa 'yar tukunyar nan tana da iyaka, in ya daure ya yi ta yi a jere na ɗan lokaci sai ta ƙare, daga nan har magariba filinsa ne. Ba shi ya fara wannan wayo ba. A shekarar 2001 wata masaniyar ɗabi'ar dabbobi ta Jami'ar Sarauniya da ke Belfas, Deborah Wells, ta jarraba wannan maɗauri a kan karnuka 30 har mako uku, ta tarar lalle yana rage haushi da farko, amma yana raguwa da tasiri gwargwadon yadda kare ya saba da shi, musamman waɗanda ake ɗaura wa kowace rana. Kafin ita, a 1996, likitocin dabbobi biyu na Jami'ar Kwanel ta jihar Niyok a Amurka, Soraya Juarbe-Diaz da Katherine Houpt, sun gwada na feshi da na lantarki a kan karnuka 9, suka samu na feshi ya yi amfani ga 8, na lantarki kuwa ga 4 kacal, sauran suka ci gaba da haushinsu wutar na cin su. Karnuka 9 ba su isa a kafa hukunci a kansu ba, wannan gaskiya ne, amma sun isa su sa mai hankali ya yi shakkar zancen 'yan kasuwa cewa mafi zafin magani shi ne mafi warkarwa.

Maƙwabcina bai karanta waɗannan ba, ni ma a lokacin ban karanta ba, saboda haka da na feshi ya kasa sai ya sayo na lantarki. Ranar Asabar ya kira ni ta kan shinge ya nuna mini, yana cewa mai shagon ya tabbatar masa ba ciwo ba ne, 'yar tsikara ce kamar wadda mutum ke ji in ya taɓa ƙofar mota a lokacin hunturu. Na ce ya ba ni in gani. Na ɗora haƙoran nan biyu a cikin tsintsiyar hannuna, inda fata ta fi taushi, ya kai bakinsa kusa da na'urar ya yi wani guntun haushi irin na wasan yara. A mataki na farko na ji kamar tafiyar kiyashi. Ya sake, na ji kamar an ɗalle ni da roba. A na huɗu ko na biyar, domin na'urar da kanta take ƙara ƙarfi duk sa'ad da aka maimaita, ban san sa'ad da na yar da ita a kan ciyawa ina salati ba, hannuna yana rawa har gwiwa. Muka yi dariya mu biyu, irin dariyar da ake yi don a rufe wani abu, karen kuwa yana zaune a bakin ƙofa yana dubanmu. Ni na san abin da zai same ni, na san dalilinsa, da hannuna na ɗora, kuma da na so na yar. Shi ba ya da ko ɗaya daga cikin huɗun nan.

Adalci ya wajabta in kawo hujjar masu goyon bayan wannan na'ura yadda take, domin ba mahaukata ba ne, kuma da yawansu masu ƙaunar karnukansu ne. Tun ƙarshen ƙarni na 19 Edward Thorndike ya nuna cewa dabba tana ƙara aikin da ya jawo mata daɗi, tana rage wanda ya jawo mata wuya, bisa sharaɗin sakamakon ya biyo bayan aikin nan take. Kuma a nan ne mutum yake kasawa, domin wanda ya komo da yamma ya rufe karensa da faɗa saboda haushin da ya yi da hantsi bai koya masa kome ba face tsoron dawowarsa. Na'ura kuwa ba ta makara, ba ta fushi, ba ta gajiya, kuma tana nan sa'ad da mai gida ba ya nan. Suna ƙarawa da cewa mutumin da mai gidan haya ya ba wa'adin mako biyu, ko dai kare ya yi shiru ko su fita tare, zaɓinsa tsakanin maɗaurin ne da kai karen gidan ajiye karnukan da ba su da masu su, inda mai yiwuwa allura ce ƙarshensa. In aka auna mafsada biyu, in ji su, sai a ɗauki mafi sauƙi. Wannan magana tana da nauyi, kuma ni ma na yarda cewa akwai wani irin kare, lafiyayye, ƙosasshe, mai samun yawo da abokin zama, wanda haushin kowane mai wucewa ya zame masa al'ada kawai, wanda maɗauri mai girgiza ko mai feshi zai iya katse masa hanzari na 'yan kwanaki har mai shi ya samu zarafin koya masa wani abu a madadinsa.

Amma ba nan gizo ke saƙa ba. Na'urar tana jin ƙara, ba ta jin ma'ana, alhali haushi ba iri ɗaya ba ne. Kyarkeci, wanda daga gare shi kare ya samo asali, ba ya yawan haushi in ya girma, gunji da kuka ya fi yi. Akwai ma wani kare na ƙasar Kwango da ake kira basenji wanda kusan ba ya haushi sam. Yawan haushi abu ne da ya bunƙasa a zaman kare da ɗan Adam, domin kakannin kowace al'umma, makiyaya da manoma da mafarauta, sun fifita karen da ke sanar da su zuwan baƙo da kura a kan wanda ke yin shiru, suka yi ta riƙon 'ya'yansa zuriya bayan zuriya. A shekarar 2005 Péter Pongrácz da abokan aikinsa a Budafes ta ƙasar Hangari suka naɗi muryoyin wani karen kiwo na ƙasarsu a halaye daban-daban, wato sa'ad da baƙo ya tsaya a shinge, da sa'ad da ake wasa, da sa'ad da za a fita yawo, da sa'ad da aka ɗaure shi a bishiya aka tafi aka bar shi, suka kunna wa mutane. Sai ga shi har waɗanda ba su taɓa kiwon kare ba suna iya rarrabe na fushi, mai kauri da sauri, da na kaɗaici, mai siranta da tsaitsayawa. Da na karanta wannan daga baya sai na tuna muryar da na yi wata biyu ina lissafawa, na tabbata tun ran farko kunnena ya fahimci abin da take faɗi, haushina ne ya hana ni saurare.

Na lantarkin ya yi aiki, in dai shiru shi ne aiki. Cikin kwana uku haushi ya ɗauke ɗif. Sai dai wani sabon sauti ya maye gurbinsa, na ƙarce-ƙarce a gindin ƙofa, da wani ɗan nishi ƙasa-ƙasa wanda bai kai ya tayar da na'urar ba. Kuma kafin wata ya cika karen ya cinye gefen ƙofar kicin, ya lashe bayan ƙafarsa ta gaba har gashi ya zube nama ya fito ja. Tsoron da ke sa shi kira yana nan inda yake, an toshe masa ƙofa ɗaya ya fita ta wata, an bar jaki ana dukan taiki. Wani abin kuma, wanda ni na gani da idona ta taga, shi ne duk sa'ad da karen gidan da ke bayanmu ya yi haushi kusa da shinge, sai in ga wannan ya zabura ya maƙale a lungu, domin na'urar mai araha ce, ba ta rarrabe muryar mai ɗauke da ita da ta waninsa. Masu tsada suna haɗa sauraron ƙara da jin motsin maƙogwaro don kauce wa wannan, amma mafi yawan masu saye araha suke bi. Uƙubar da ke sauka a kan mai laifi da marar laifi daidai wa daida ba ta koyar da kome, kuma tun 1967 Martin Seligman da Steven Maier suka nuna a Jami'ar Fensilbaniya cewa karen da aka yi ta sakar wa wutar da ba shi da hanyar tsayar da ita yakan kai ga ya daina neman tsira, ya kwanta kawai yana karɓa, ko da an buɗe masa hanya daga baya. A 2004 kuma masu bincike na Jami'ar Utrek ta Holan suka lura cewa karnukan gadi da aka horar da wuta suna nuna alamun fargaba a gaban mai horar da su ko a wajen filin horo, wato sun haɗa zafin da mutumin.

Saboda irin waɗannan dalilai ne hukumomi da dama suka shiga maganar. Yankin Wels ya haramta ɗaura wa kare ko kyanwa maɗaurin lantarki a 2010, shi ne na farko a Birtaniya, da hukuncin tara ko ɗauri, kuma a shekarar da ta biyo aka ci wani mutum tarar fam 2,000 a kan haka. Jamus da Ostiriya da Denmak da Siwidin suna cikin waɗanda suka hana, Holan ta bi sahu daga farkon 2022, a Amurka kuwa ana sayar da shi a shagunan kayan dabbobi ba tare da wani shamaki ba. Abin da ya fi wannan muni, wato fiɗar da ake yi a yanke wa kare igiyoyin murya, yarjejeniyar ƙasashen Turai ta 1987 kan dabbobin gida ta hana shi sai don larurar magani.

Ba zan wuce nan ba sai na yi wata 'yar ratse, domin yanzu wannan maɗauri ya iso garuruwanmu ta hanyar cinikin intanet, kuma masu sayensa su ne masu gidajen da suka ajiye manyan karnukan Turai don tsoron ɓarayi. Malamanmu na Malikiyya sun ruwaito cewa Ibn Abi Zaid al-Ƙairawani, mai Risala, ya ajiye kare a gidansa sa'ad da katangarsa ta faɗi a zamanin tsoro, da aka tuna masa karhancin da Imamu Malik ya yi wa haka sai ya nuna cewa zamani ya sake, larura kuma ta zo. To in larurar tsaro ce ta halatta riƙon, ina hikimar a sayi mai gadi da tsada sa'an nan a sayi abin da zai hana shi faɗin cewa ga mutum a kan katanga? Kuma mafi yawan haushin da ake kuka da shi a irin gidajen nan, in an bincika, na karen da aka ɗaure da sarƙa mai kamu uku ne a kan siminti cikin zafin bazara, kwanon ruwansa ya kife tun hantsi. Addinin da ya ba da labarin gafarar da aka yi wa mai zunubi saboda shayar da kare, da azabar da aka yi wa wadda ta tsare kyanwa har ta mutu, ya riga ya rarrabe mana ta'adibi da azabtarwa. Fuƙaha'u kuma sun kafa cewa ana kawar da cuta, amma ba da wata cutar irinta ba. Haƙƙin maƙwabci na barci tabbatacce ne, sai dai a wuyan mai kare yake.

Abin da ya kawo ƙarshen al'amarin a layinmu shi ne wari. Maƙwabcina ya ji wani ɗoyi daga wuyan karen, ya kwance maɗaurin, wanda tun da ya ɗaura bai cire ba, ya tarar haƙoran nan biyu sun huda fata sun yi gyambo biyu masu ruwa. Ba ƙunar wuta ba ce, matsi ne na ƙarfe a wuri ɗaya dare da rana. Takardar da ke cikin kwalin irin wannan kaya takan gargaɗi mai saye kada ya bar shi a wuya fiye da sa'a 12 a yini, ya riƙa duba fatar, amma wa ke karanta takardar cikin kwali? Na raka shi wurin likitar dabbobi, domin na ga ina da kaso a cikin laifin. Ta aske wurin, ta wanke, ta ba da magani, sa'an nan ta zaunar da shi ta yi masa tambayoyin da ba wanda ya yi a cikinmu, har da hukuma: sa'a nawa karen ke yi shi kaɗai, yaushe haushin ke farawa, yana cin abincin da aka bar masa ko sai an dawo. Da ta ji amsa sai ta ce ciwon rabuwa ne, kuma wuta ita ce mafi munin abin da za a yi masa. Ta umarce shi ya riƙa fita da shi gudu na sa'a guda kafin aiki. Ya riƙa ɗaukar makulli da sa takalmi ba tare da ya fita ba, har waɗannan alamu su daina tayar masa da hankali. Ya soma barinsa na minti biyu, sa'an nan biyar, sa'an nan goma, yana komowa kafin ya firgita. Ya bar masa abin tauna da aka cusa wa abinci. Kuma, mafi muhimmanci, ya nemo wanda zai raba masa yinin nan biyu.

Wanda aka samu wani dattijo ne da ke gida na huɗu daga namu, tsohon direban bas da matarsa ta rasu, wanda dā ma yakan wuni a bakin taga. Aka ba shi makulli. Kowace rana da ƙarfe goma sha ɗaya sai in ji buɗe ƙofa, in ji ƙarar farata a kan katako, in gan su sun nufi filin ƙwallo, dattijon da sandarsa, karen yana kewaya shi kamar yana kora garke mai tunkiya ɗaya. Abin bai zo da sauri ba. An yi wajen wata uku ana ci gaba ana komawa baya, kuma haushin bai ƙare ƙaƙaf ba, domin har na bar garin yana yi wa mai kawo wasiƙa nasa kason kowace safiya, na minti guda ko biyu. Hukuma ta aiko mini da sababbin takardu masu layi-layi tana tambayar ko matsalar ta ci gaba, na yi lissafin kuɗin cefane a bayansu. Ran da zan tashi, ina loda akwatuna a tasi, karen ya zo shinge ya ɗaga kai don in sosa masa wuya, yatsana ya faɗa a kan tabo biyu, kowanne kamar ƙwayar wake, inda gashi bai sake tsirowa ba.